Saitin jita 'yar gwanjo, daga wuya har zuwa wutar amfilifaya

Yawancin waɗanda suka sayi jita suka jingine ta bayan ƙofa kafin wata biyu, yatsunsu suke ɗora wa laifi. Sau da yawa kuwa laifin na jitar ne. Tsirkiya ta yi nisa da wuya, sai mutum ya danna kamar mai fasa gyaɗa kafin sauti ya fito, in ya fito ɗin ma bai zauna daidai ba. Jita mai araha haka take baro masana'anta ba wanda ya zauna ya saita ta, 'yar gwanjo kuma ta sha zafin kwantena da zaman shago. Saitin ba ya cin kuɗi, sai dai dole a bi shi daki-daki, don kowane gyara yana taɓa na gabansa: tsirkiya tukuna, sai lanƙwasar wuya, sai tsayin jaki, sai jakin sama, daga ƙarshe daidaiton murya. Wanda ya faro daga ƙarshe aiki biyu zai yi.

Bari mu daidaita sunaye. Jaki shi ne wurin da tsirkiya take hawa a kan cikin jita, kamar yadda masu garaya da goge suke kiransa, kuma a jitar katako akwai wani farin siriri a tsaye cikinsa, shi za mu kira ƙashin jaki. Ɗan farin abu mai tsaga shida da ke tsakanin wuya da kai shi ne jakin sama. Ƙarafan da aka jera a wuya su ne firet, ana ƙirga su daga wajen kai. Tsirkiya ta ɗaya ita ce mafi siranta, ta shida mafi kauri.

Kayan aikin: alanki mai lamba 4 da 5, ƙananan alanki na jakin jitar lantarki, sukundireba, filaya mai yanka waya, samfefa mai laushi, fensir, rula ta ƙarfe wadda awonta ya fara daga bakinta, kafo (maƙalin da ke danne tsirkiyoyi duka a firet ɗaya), da manhajar saita sauti a waya. In ka samu fila irin wadda makanikai suke auna bakin fulogi da ita, madalla. In babu, tsohon katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, farar takardar firinta kuma kusan 0.1. Da waɗannan biyun za ka auna kusan komai.

Kafin ka miƙa kuɗi

Akwai lahanin da saiti ba ya gyarawa. Ɗaga jitar ka hango wuyanta daga kai zuwa ciki kamar mai auna kara. Lanƙwasa kaɗan ba matsala ba ce. Murɗewa, wato gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya kwanta, ita ce matsala, ajiye ta ka duba wata.

A jitar katako, zura takarda a ƙarƙashin jaki ta baya. In ta shige, jakin ya fara ɗagowa, sai an cire shi an sake manna shi da gam ɗin katako da matsi, ba aikin sufa gulu ba ne. Sannan ka dubi ƙashin jaki. In an riga an goge shi har ya kusa nutsewa cikin katako amma tsirkiya tana nan sama, to kusurwar wuyan ce ta faɗi, kuma kuɗin gyaranta ya fi kuɗin jitar. Ƙwanƙwasa fuskarta da yatsa wuri-wuri: in ka ji wani abu na kaɗawa daga ciki, ɗaya daga cikin katakan da suke tallafe da fuskar ya saki. Roƙi mai kaya ya bar ka ka sa alanki a sandar ƙarfen da ke cikin wuya, mai gyara lanƙwasarsa, ka ɗan sassauta ta, ka ga ko tana juyawa. Wadda bakinta ya cinye ko ta ƙi motsi, rabin saitin da za a yi bayani a nan ya fita daga hannunka.

Ƙujewar fenti, kunnen ɗaure tsirkiya da ke santsi, jak (ramin cusa wayar amfilifaya) mai motsi, duk waɗannan abin neman ragi ne kawai.

Tsirkiya

Tsohuwar tsirkiya ƙarya take yi wa ma'auni, saboda haka sabuwa za ka fara sawa, kuma irin kaurin da za ka ci gaba da amfani da shi. Lambar da ke jikin fakiti kaurin ta ɗaya da ta shida ne. A jitar lantarki 9-42 ko 10-46 su ne gama-gari. A ta katako 12-53 aka fi sawa, amma mai koyo da mai tsohuwar jita gara su tsaya a 11-52 ko 10-47. Sautin zai ɗan rage cika, yatsu da jaki kuwa za su huta.

Wani kuskure da ya kashe jitoci da yawa shi ne sa tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don ta nailan, saboda ta ƙarfe ta fi amo kuma ta fi samuwa. Saitin nailan yana jan wuya da nauyin da bai wuce kilo 40 da 'yan kai ba, na ƙarfe mai lamba 12-53 ya haura kilo 70. Galibin jitocin nailan ba su da sandar ƙarfe a wuya, kuma fuskarsu siririya ce. Cikin 'yan watanni wuya zai rusuna, jaki ya ɓamɓaro. Gane ta ba wuya: wuyanta faffaɗa ne, kanta na da dogayen tsaga biyu, kuma ɗaure tsirkiya ake yi a jakinta.

Wajen sawa a jitar katako, ɗan lanƙwasa bakin tsirkiyar kusa da ƙwallonta kafin ka zura ta rami, tsagar turken da ke toshe ramin ta fuskanci wuya. Kana danna turken kana jan tsirkiyar sama har ka ji ƙwallon ya maƙale a jikin katakon ciki. In ya zauna a ƙarƙashin turken ne, kana fara ɗaurewa turken zai yi tsalle ya fice. A wajen kunne, bar rarar kamar santimita 5, ka naɗe tana gangarowa ƙasa, zagaye ba ya hawa kan zagaye: biyu zuwa uku ga masu kauri, huɗu zuwa biyar ga sirara. Naɗi mai yawa yana cikin dalilan da suke sa jita take saki kowane lokaci. Goga bakin fensir a tsagogin jakin sama don tsirkiya ta riƙa zamewa. Bayan ka kai su E, A, D, G, B, E daga ta shida zuwa ta ɗaya, ɗaga kowace a hankali daga tsakiya, ka sake saitawa, sau uku ko huɗu, har ta daina sauka.

Lanƙwasar wuya

Wuyan jita ba a son ya miƙe sar. Tsirkiya in ta kaɗu a tsakiyarta take fi buɗewa, don haka ana barin wuyan ya ɗan lotsa a tsakiya ya ba ta wuri. Sandar ƙarfen da ke cikinsa aikinta ke nan, ta ja baya yayin da tsirkiya take ja gaba. Bakinta yana wajen kai a ƙarƙashin wani ɗan murfi, ko ta cikin ramin jitar katako.

Riƙe jitar yadda kake kaɗa ta, kada ka kwantar da ita a tebur, nauyin wuyan yana sauya awo. Maƙala kafo a firet na 1. Danna tsirkiya ta shida a inda wuya ya haɗu da ciki, firet na 14 a jitar katako, na 17 ko na ƙarshe a ta lantarki. Yanzu tsirkiyar ta zama maka rula. Dubi ratar da ke tsakaninta da saman firet na 7 ko na 8. Abin da ake nema milimita 0.2 zuwa 0.3, wato takarda biyu zuwa uku su shige suna ɗan gogawa. In katin ATM ya shige, lotsawar ta yi yawa. In tsirkiyar na kwance a kan ƙarfen babu rata ko kaɗan, wuyan ya miƙe fiye da kima ko ma ya banƙare baya, shi ya sa firet na farko-farko suke zuza.

Rata ta yi yawa, ɗaure sandar, wato juya ta yadda hannun agogo yake tafiya kana fuskantar bakinta. Rata ta yi kaɗan, sassauta. Kada juyi ɗaya ya wuce rubu'in zagaye, rabin rubu'i ma ya fi. Sassauta tsirkiya ta uku da ta huɗu kafin ka ɗaure, ka mayar da saiti, ka ba katakon 'yan mintoci, sannan ka sake aunawa. Alankin ya zauna har gindi, domin wanda ya ɗan yi ƙaranci shi yake cinye bakin sandar. Wasu jitocin Amurka awon inci suke ci, na milimita zai shiga amma yana rawa, kada ka yarda da shi. In ka ji ta cije, tsaya nan. Garin neman gira kada a rasa ido: sandar da ta karye sai an ɓamɓare allon wuya gaba ɗaya.

Mutane da yawa suna murɗa wannan sanda don su sauko da tsirkiya. Ba aikinta ba ne. Da ta kai awon da aka faɗa, cire alanki ka koma jaki.

Jaki da jakin sama

Cire kafo. Auna daga saman firet na 12 zuwa ƙasan tsirkiya. A jitar lantarki ana neman kamar milimita 1.6 a ta ɗaya da 2 a ta shida. A ta katako, 2 da 2.5. A ta nailan, 3 da 4, kuma haka take, ba lahani ba ne. Kati biyu a haɗe milimita ɗaya da rabi ne, uku sun ɗan haura biyu da kwata. Mai dukan tsirkiya da ƙarfi ya ƙara kaɗan a kan wannan, mai kiɗa da yatsu a hankali yana iya ragewa.

A jitar lantarki abin da sauƙi. Irin ta Fender kowace tsirkiya da ɗan jakinta mai ƙananan sukurori biyu, a sauke su daidai wa daida kada ya karkace, kuma a bi ɗan tudun da wuyan yake da shi, na tsakiya su ɗan fi na gefe tsayi. Irin ta Gibson sukurori biyu ne suke ɗaga jakin gaba ɗaya.

A ta katako sai an goge ƙashin, kuma ga lissafin da ake mantawa: firet na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya cif, saboda haka duk abin da kake son ragewa a can, ninkinsa za ka cire a jaki. Ta shida tana kan 3.5 kana son 2.5, milimita 2 za ka goge. Sassauta tsirkiyoyi, zaro ƙashin, yi masa alama ka san gefen da ke wajen ta shida, ja layi da fensir a ƙasansa. Shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil, ka goga ƙasan, ba saman ba, kana riƙe da shi a tsaye. Tsaya kafin ka kai layin, mayar ka gwada. Ƙasan ya zama shafe sumul, in ya yi ciki ko ya karkace sauti zai ragu, in kuma akwai na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashinsa wata tsirkiya za ta fi wata ƙara. Kada abin da ya leƙo sama da katako ya gaza milimita 2, in ba haka ba tsirkiya ba za ta danne shi sosai ba. In hannu ya zarce, yanka siririn tsiri daga tsohon kati ka shimfiɗa a ramin kafin ka samu sabon ƙashi.

Jakin sama shi ne asalin azabar mai koyo, don a firet uku na farko yake wuni. Danna tsirkiya a firet na 3, ka dubi tsakaninta da firet na 1. Ratar da ta dace ita ce wadda da ƙyar ido yake gani, takarda ɗaya ta shige. In ta fi haka nesa ba kusa ba, kod ɗin F (kod shi ne muryoyi da yawa da ake kaɗawa tare) zai gagara, kuma duk abin da aka danna a nan zai ɗan haura muryarsa ko da manhaja ta ce saiti daidai ne. Zurfafa tsagar yana son fayil na musamman. Wanda ba shi da shi yana iya naɗe samfefa mai laushi a guntun tsohuwar tsirkiya mai irin wannan kaurin, ga masu kauri ke nan, yana gogawa yana karkata wajen kai, shafa uku ya gwada. Sirara biyun gara a bar wa mai kayan aiki. Tsagar da ta zarce zurfi za ta sa tsirkiya zuza ko ba a danna ta ba.

Daidaiton murya

Saita tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi. Harafi ɗaya manhaja za ta nuna. In allurar ta haura, tsirkiyar ta yi gajarta, ja ɗan jakinta baya, nesa da wuya. In ta gaza, turo shi gaba. Sassauta tsirkiyar kafin ka juya sukurun, ka sake saitawa bayan kowane juyi. In an gama daidai, jakunan za su jeru kamar matakala biyu. A jitar katako babu sukuru, in saɓanin ƙarami ne a haƙura da shi. Tsirkiya ɗaya tak da ta ƙi daidaita duk inda aka kai jakinta, jabu ce ko ta lalace, canza ta.

Fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a jitar lantarki, kada ya matso tsirkiya da yawa. Danna firet na ƙarshe, ka bar milimita 2 zuwa 2.5 tsakaninsu. Ya fi haka kusa, zai riƙa jan masu kauri, sautin ya riƙa rawa kamar murya biyu.

Hunturu da damina

Katakon jita ya fi jin daɗi in danshin iska yana tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu a Kano ko Damagaram yakan faɗo ƙasa da 20. Abin da yake tsattsage leɓe da diddige shi yake samun jita. Alamar farko, bakin firet zai fara kartar hannu, domin allon wuya ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Sai fuskar ta lotsa, tsirkiya ta sauko ta fara zuza ba tare da an taɓa komai ba. Na ƙarshe shi ne tsagewa, yawanci daga jaki zuwa gindi. Abin haushin, jita mai tsada wadda fuskarta katako ne guda ita ta fi saurin tsagewa, mai araha ta falawud ta fi jurewa.

Maganin ba tsada. Samu gidan sabulu na roba, huda murfinsa wuri goma ko fiye, jiƙa soso ka matse shi har ya daina ɗiga, rufe shi a ciki, ka ajiye a jakar jitar wajen kai, ka zuge. Duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Ruwa kada ya taɓa katako. Jitar da ke rataye a bango ba abin da soso zai yi mata, daga Nuwamba zuwa Maris jaka ce ɗakinta. In firet sun riga sun leƙo, ba ta mako biyu da soso kafin ka ɗauko fayil, sau da yawa da kansu suke komawa.

Da damina akasin haka ne: fuska ta kumbura, tsirkiya ta yi sama, tsatsa ta kama. Cire soson, goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, har ta ƙarƙashinta. Masu dabara ƙashin jaki biyu suke ajiyewa, dogo na hunturu da gajere na damina. Wanda ya goge ƙashinsa a watan Agusta har ya gamsu, ya sa ran zuza a Janairu.

Bazara kuma, mota a rana. But ɗin mota da azahar yana iya sassauta gam, ka buɗe jaka ka tarar jaki ya tashi. Allon wuya mai duhu wanda ba a shafe shi da fenti ba yana son ɗigo biyu-uku na man "mineral oil" marar ƙamshi sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge rarar. Ban da man gyaɗa, yana yin ɗoyi ya kama ƙura.

Wuta

Kafin ka cusa amfilifaya 'yar gwanjo a soket, juya bayanta ka karanta. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, kayan Amurka kuwa 120 suke ci. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da tiransifoma mai sauke wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar take ja. Canza kan fulogi kawai, hayaƙi ne zai biyo baya. A janareta, bari ya zauna tukuna, a kunna amfilifaya a ƙarshe, a kashe ta a farko. Amfilifaya mai kwalaben wuta (tube) a ciki kada a kunna ta sifika ba ta haɗe.

Fedal ɗin ƙafa, wato ƙananan na'urorin sauya sauti da ake takawa, galibi bolt 9 suke ci, amma tsakiyar fulogin nasu nagatif ne, alhali yawancin adaftocin kasuwa tsakiyarsu fozitif ne. Bakin iri ɗaya, zai shiga lafiya lau, fedal ɗin kuwa yana iya ƙonewa. Dubi ɗan zanen da ke jikin adafta ka ga alamar da aka ja wa layi zuwa tsakiya. Mai amfani da batir ya zare waya daga mashigar fedal in ya gama, don ita ce makunnin, in an bar ta batir zai ƙare cikin dare.

Gurnani kashi-kashi ne. In yana raguwa da ka juya jikinka ko ka matsa daga talabijin da cajar waya, halin fikof mai naɗi ɗaya ne. A yawancin jitoci irin Stratocaster na zamani, matsayi na 2 da na 4 a makunni suna kashe shi. In yana raguwa da ka taɓa tsirkiya, wannan daidai ne. In taɓa tsirkiya bai rage komai ba amma taɓa ƙarfen jak ya rage, wayar da ta haɗa jaki da ƙasa ta tsinke, ɗigon dalma ɗaya ne wajen mai gyaran rediyo. In kuwa tsirkiya tana ɗan cizonka, ko leɓenka ya ji shokin a makirufo, ajiye jitar nan take, wutar wurin ba ta da at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don a kashe gurnani. An rasa rayuka a dandalin kiɗa ta wannan hanya.

Notin jak in ya saki, kwance farantin ka riƙe shi ta ciki sannan ka ɗaure. Murɗa shi ta waje yana naɗe wayoyin har su tsinke. Maɓallin ƙara mai ƙarar yashi ƙurar hunturu ce, feshin wanke kayan lantarki da juyi ashirin ya isa.

Masu cusa jita a sifikar Bluetooth mai taya ta ramin makirufo sukan yi ƙorafin sauti ya dushe. Ramin ba a yi shi don fikof ba. Sa fedal irin na Boss a tsakani, ko ba a taka shi ba yana gyara wannan, muddin wuta na shigarsa. Don atisaye a ɗaki, amfilifaya mai wat 10 zuwa 20 ta wadatar, mai aiki da batir kuma ta fi kowace shiru.

In salon Agadas kake nema

Kiɗan jitar Abzinawa, wanda Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya daga Nijar, bai dogara da jerin kod irin na littattafan koyo ba. Babban yatsa yana riƙe da murya ɗaya a ƙasa ba ya sakinta, manuniya tana zana waƙar a sama. Kunnen da ya saba da garaya da gurmi ba zai ji baƙunci ba.

Da yawa daga masu wannan salo suna ɗaga ta shida daga E zuwa G, jerin ya zama G, A, D, G, B, E. Wannan ɗagawar tana ƙara wa tsirkiyar jan kusan kashi 40 cikin ɗari, saboda haka a yi ta da saiti marar kauri, a hau a hankali, fuska a kauce. Jitar katako mai jakin da ake shakka, gara a sauke ta shidan zuwa D a yi kiɗan a can. In jakin jitar lantarkinka mai lilo ne, buɗe murfin baya ka ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da sifirin har jakin ya kwanta a jiki, in ba haka ba kana ɗaga ɗaya sauran biyar suna sauka. Bayan kwana biyu sake auna wuya.

Fara da tsirkiya ta uku kaɗai. Muryoyi biyar ne: a sake, firet na 3, na 5, na 7, na 10, sai na 12 ya maido ka gida. Ƙirga shida-shida, babban yatsa yana bugun ta shida a ɗaya da huɗu. Yi wannan shi kaɗai har ka iya hira kana yi. Sannan manuniya ta shigo. Sirrin zaƙin a hannun hagu yake: bugu ɗaya, murya uku. Kaɗa ta uku a sake, sauke yatsa da ƙarfi a firet na 3 ba tare da sabon bugu ba, fizge shi gefe ta koma a sake. Yi haka tsakanin 3 da 5, sannan 5 da 7. In muryar da aka sauke ba ta fita, duba ko yatsan yana sauka dab da bayan ƙarfen, in yana nan kuma ba ta fita, tsirkiyar ce har yanzu take sama.

Da hannu ya faɗa, ƙara ta biyu a firet na 1, na 3, na 6 da na 8, da ta huɗu a sake, a na 3 da na 5. A wannan jeri kauce wa ta biyu a sake, tana karo da firet na 3 na ta uku. In murya mai fara'a kake so, koma 0, 2, 4, 7, 9 a ta uku, a nan duk tsirkiyoyi shida a sake suna cikin jerin, ko yatsa ya kuskure ba a ji. Mawaƙi ya ce ta yi masa ƙasa, matsar da kafo firet biyu ko uku, yatsu su ci gaba da abin da suka saba. A amfilifaya rage bes zuwa 3 ko 4, don bugun babban yatsa kada ya haɗiye waƙar, ƙazantar sauti kuma kaɗan, iyakar wadda in ka sassauta hannu za ta washe.